Ƙugiyar Sunan Ƙaltume

Injiniya Badaru mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, sai ga shi aiki ya ajiye shi a Madina, garin da ba kogi ba tafki. Shekara shida ke nan yana kula da injinan da ke turo ruwan sha daga Yanbu, garin bakin teku, zuwa cikin birni, kuma duk Alhamis ɗin da ya samu sarari sai ya ɗauki mota ya nufi bakin teku. A can shi da abokan aikinsa biyu suka mallaki wani tsohon jirgin kamun kifi. Jirgin ba ya iya matsowa gaɓa saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa, don haka a farkon shekarar 1999 Badaru ya sayo ƙaramin kwalekwalen roba, irin wanda ake hurawa, don ya riƙa kai su gare shi.

Kwalekwalen ruwan toka ne, kuma akwai irinsa guda bakwai a wurin da ake ɗaure su. Sau biyu wasu suna tafiya da nasa bisa kuskure. A karo na uku shi ne ya tafi da na wani, bai gane ba sai da ya ga takalman mata a ciki. Mai gadin wurin ya gaji da raba gardama, ya ce kowa ya je ya rubuta suna a jikin nasa.

Badaru bai yi dogon tunani ba. Sunan mahaifiyarsa zai sa, Ƙaltume, wadda ta fara damƙa masa filafili tun bai kai tsayinsa ba. Matarsa Khadijatu, mai haɗa magunguna a wani asibiti, ta ce abin ya yi kyau, ya biya ta unguwar Anbariyya ya sayo haruffan liƙawa irin na bayan mota.

Shagon farko na wani ɗan Yaman ne. Mutumin ya jera masa haruffa bakwai a kan tebur, farare sol. Badaru ya duba, ya ture na farkon da ɗan yatsa, ya ce wannan ba shi ba ne, nasa yana da ƙugiya a kai. Ya zana a bayan kwali. Mai shagon ya juya kwalin sama da ƙasa, ya tambaya ko alƙalamin ne ya zame. Daga nan ya ba shi shawarar ya rubuta da Larabci, Kulsum, kowa ya huta. Badaru ya ce mahaifiyarsa ba Kulsum ba ce. Suka gwada da harafin ƙaf, mai shagon ya karanta da bakin mutanen Hijaz, sai ya fito Galtume. Badaru ya ce a bar Larabcin.

Duk da haka ya sayi haruffan don gwaji. Da la'asar ya shimfiɗa kwalekwalen a falon gidansu da ke unguwar Bani Harisa, ya liƙa su a kan robar tana saɓe, ya danne da gwangwanin madara, sannan ya kama famfon ƙafa. Robar na kumbura haruffan suna ɗagowa. Kafin ta cika, biyar sun faɗi. Sun tsinci huɗu. Na biyar ɗin, wato U, sai washegari wata abokiyar aikin Khadijatu ta ciro mata shi daga bayan abaya, bayan ta yi rabin yini tana yawo da shi a asibiti.

Mako uku Badaru yana zagaye. Masu kayan ƙawar mota, masu rubuta allon shaguna, masu sayar da littattafan makaranta, kowa ya kalli zanen sai ya girgiza kai ya ce ma fi, wato babu. Khadijatu ta fara gajiya da zancen.

"Don Allah, Injiniya, wa zai tsaya karanta Hausa a tsakiyar Bahar Maliya?"

"Ni," in ji shi.

A masallacin unguwa wani direba ɗan Nijar ya ji labarin, ya ce masa ya je Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, ya nemi Khalilu, mai rubuta lambobi a jikin motocin alhazai da tamfol ɗin manyan motoci.

Khalilu dattijo ne daga Damagaram, gemunsa ya fara fari, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Yana ganin kwalin ya ce, "Ƙa ke nan, ta ƙaho da ƙarfe." Badaru ya ji kamar ya rungume shi. Dattijon ya shafa robar, ya ce haruffan mota ba su san miƙewa ba, sai leda mai taushi irin ta tamfol. Kuma ba a liƙa wa abu suna yana kwance, sai an hura shi ya cika, an goge gishiri da maiƙo, an bar rana ta ɗan gasa shi. Harafin kuwa shi ma ba shi da shi. Ya jawo akwatin haruffan Larabci, ya tona, ya fito da wata ƙaramar ra, harafin nan mai lanƙwasa, ya kifa ta, ya rage mata wutsiya da almakashi. Sai ga ƙugiya.

A nan gardama ta tashi. Khalilu ya ɗora ta a hannun dama na harafin K. Badaru ya ce a'a, a kan sandar tsaye take zama, shi da ya yi makarantar boko a Najeriya ai ba za a koya masa wannan ba. Khalilu ya ce wannan ta ƙaramin baƙi ce, Muhandis, wato Injiniya, babban baƙi a hannu yake riƙe ta. Suka yi ta ja har shayin da aka zuba musu ya huce. Can dattijon ya tuna da ƙullin yaji da wani alhaji ya kawo masa tsaraba, a naɗe cikin tsohuwar jaridar Hausa. Suka kwance shi suna atishawa, suka miƙar da takardar. Ga kanun labari nan, kalmar farko Ƙasa, ƙugiyarta zaune a hannun dama.

Badaru ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a hankali, wannan maganar ba sai ta kai Bani Harisa ba.

Shagon ba zai ɗauki kwalekwalen ba, sai a bakin titi suka hura shi. Lokacin kuwa motocin masu Umara suna ta tsayawa, mutane na fitowa cikin harami, farare fat, suna cin karo da jirgin ruwa a tsakiyar tsandauri. Wasu Turkawa suka tsaya suka ɗauki hoto. Wata tsohuwa Bakanuwa ta ja tunga, ta ji suna Hausa, ta matso ta tambayi Badaru ko an yi sanarwar ruwa ne ba su ji ba. Ya rantse mata cewa lafiya lau, amma har ta shiga masallaci tana ɗaga kai tana duba sama.

Khalilu ya liƙa haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana murza kowanne da bayan cokali. Da ya gama suka sace iskar, suka sake hurawa. Ba harafin da ya motsa. Khalilu ya ja baya yana goge hannu, sai ya yi tambayar da ke cin sa tun ɗazu: wai da gaske wannan balan-balan ɗin yana ɗaukar babban mutum? Ashe shekara goma sha huɗu yana ƙasar, bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Badaru ya ce masa ya shirya ranar Alhamis bayan sallar asuba.

A Yanbu dattijon ya ƙi zama a gefen roba kamar kowa. Ya zauna a ƙasan kwalekwalen, ya miƙe ƙafafu, ya riƙe igiya da hannu biyu, ido a rufe, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Sun yi nisa kafin ya buɗe ido ɗaya. Ruwan garau yake, ana ganin ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suna bin inuwarsu. Ya saki igiyar da hannu guda ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce lallai ba ƙarya aka yi masa ba a kan gishirin.

Da suka isa babban jirgin aka miƙo masa hannu, ya ce shi kam ya riga ya saba da wannan, ba zai sake sabon tsoro ba. Haka suka ɗaure kwalekwalen a baya, ya wuni a ciki da lema a kansa, ana miƙo masa shayi da dabino. Bai kama kifi ko ɗaya ba. A hanyar komawa Madina, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya tambayi Badaru ko Alhamis mai zuwa ma suna da niyyar fitowa, don yana da wani aboki mai ɗinkin tamfol da ba zai taɓa yarda da labarin ba sai ya gani.