Na Hagu da Na Dama

Mai zane ya sake buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar, ya ƙura masa ido, ya yi tsaki. Tun safe aikin ke nan. Fentin da ya matsa a faranti ya yi ɓawo, burushi na tsaye cikin gwangwanin kananzir, shi kuwa yana zaune kan kifaffen bokiti yana leƙen gidan yanar gizon ƙanensa Auta.

Shi ya koya wa Auta riƙon burushi. Yau Auta ne ke da shafi fari tas, hotuna a jere kamar an goge su, da lambar waya a ƙasa. Babu abin da Auta ya taɓa yi masa sai gaisuwa da girmamawa, kuma wannan ma haushi yake ba shi.

Matarsa ta turo ƙofar ɗakin da gwiwar hannu, kwamfuta a hammata. Ita ke koyar da kwamfuta a wata sakandare, shi ya sa yake kiran ta Malama.

"Baban 'yan biyu, har yanzu kana gidan Auta? Ka gaishe mini da mutanen gidan."

"Dubawa kawai nake yi."

"Ka duba har batir ya mutu. Matar asibitin ta ce da yamma za su zauna, ko ka manta?"

Bai manta ba. Shugabar wani asibitin yara ce ta ga allon da ya zana wa mai kantin magani, ta nemi lambarsa. Suna son a zana bangon sashen kwantar da yara gaba ɗaya. Ta ce ya turo inda za su ga ayyukansa a intanet kafin kwamitinsu ya zauna. Rabonsa da aikin da ya wuce allon shago da rubutun bayan mota an daɗe.

Malama ta ture gwangwanaye ta ajiye kwamfutar a kan tebur.

"Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Akwai gidan yanar gizo. Shi kamar kanti ne mai gilashi, ka jera kayanka masu kyau, ka sa lambar waya, ka rufe bakinka. Akwai kuma bulog. Shi kamar benci ne a ƙofar shago, kullum sai ka zauna ka faɗi wani abu, sabon zance a sama, tsoho ya gangara ƙasa."

"Na Auta wanne ne?"

"Na farkon."

"To, ba na so."

"Ai na san za a rina." Ta dafa ƙugu. "Malam, mutanen nan hoto suke son gani, ba huɗuba ba. Ka bar ni in jera maka guda goma masu kyau, mu tura, mu huta."

"In yi irin nasa a ce na kwaikwaye shi? Ni? Yaron da na share wa majina?"

"Wa zai ce? Matar nan ba ta ma san an haifi Auta ba."

"Bulog nake so. Ina da abin faɗa."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ta buɗe masa bulog ɗin, ta ɗora hotunan da ta ɗauka da wayarta, ta nuna masa inda ake rubutu da inda ake dannawa a wallafa. Ta ce ya rubuta layi biyu, sunansa da irin aikinsa, ya tura wa shugabar adireshin. Ta ɗauki jakarta ta koma makaranta.

Mutumin da hannunsa ya iya zana ƙafar doki a guje, sai ga shi yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, yana gumi. Ya rubuta layi biyun. Sannan ya ƙara na uku, a kan masu shiga sana'a ta taga. Daga nan bai tsaya ba. Ya yi magana a kan waɗanda aka goya suka fi mai goyon tsawo, da masu ɗaukar aikin manya su shafa masa launi mai ƙyalli su ce nasu ne. Bai ambaci suna ba, yana ganin wannan dattaku ne.

Sai ya ga magana ba ta isa ba, gara a kawo shaida. Yana da wani tsohon zane na yara suna gara taya a kan titi, launin ƙasa da toka, yaran sun sunkuyar da kai. Auta ma ya zana yara da taya, amma nasa rana ta fito, wata yarinya cikin riga rawaya ta wuce maza tana dariya har ana ganin giɓinta. Ya kwafo na Auta daga shafinsa, ya yanke sa hannun da ke kusurwa, ya jera su gefe da gefe, nasa a hagu, na Auta a dama. A ƙarƙashin na hagu ya rubuta: na asali. A ƙarƙashin na dama: na kwaikwayo. Ya wallafa, ya tura adireshin, ya miƙe yana jin kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Malama ta dawo ta karanta a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Na shiga uku. Wannan ka tura wa mutane?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba su tambaye ka tarihin gidanku ba! Kuma shi ne a sama, shi za su fara gani. Hotunan da na sha wahalar ɗauka suna can ƙasa."

"Gaskiya ce a sama."

"Gaskiya da riga rawaya. Ka yi wa ƙanenka talla kyauta, Allah ya ba da lada."

Ta kai hannu za ta goge, wayarsa ta yi ƙara. Shugabar asibitin ce. Malama ta yi masa alama ya buɗe murya.

"Malam, mun duba. Gaskiya na tausaya maka, abin da aka yi maka babu daɗi."

Ya dubi matarsa ya ɗaga gira.

"Hannunka yana da kyau, kowa ya yarda. Sai dai ka san yaranmu marasa lafiya ne, wasu sukan yi wata a kwance suna kallon bango. Kwamiti gaba ɗaya na dama ɗin nan suka nuna. Tunda ka ce daga wurinka aka ɗauka, za ka iya yi mana irinsa sak? Da yarinyar, da launin, da komai. In kuma ba salonka ba ne, babu damuwa, sai ka taimaka mana da lambar wanda ya yi."

Malama ta juya tana gyara gwangwanayen da ba su buƙatar gyara.

"Hello? Malam, kana ji na?"

"Ina ji, ranki ya daɗe." Ya sake duban hoton na dama. "Zan iya."

"Madalla. Ka kawo mana gwaji a takarda ranar Litinin."

Da ta kashe, ya jawo faranti ya kankare busasshen fentin, ya matsa rawaya. Ya ƙara fari, ya fito kamar madarar da ta kwana. Ya ɗiga ja, ya koma ruwan tsatsa. Ya kara farantin kusa da wayar, ya goge, ya sake haɗawa, ya sake karawa. Rigar yarinyar na nan tana haske, nasa kuwa ya ƙi.

Malama ta fita ɗora tukunya.

Ya jima yana juya wayar a hannu kafin ya danna kira. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Yaya! Ikon Allah, yau kai ne da kanka? Ina su 'yan biyu? Ina Anti?"

"Suna lafiya. Kai, Auta." Ya yi gyaran murya, ya leƙa ƙofa ya ga babu kowa. "Rawayan nan da ka sa a rigar yarinyar mai taya, da me da me ka haɗa? Wani ne ke tambaya."