Muryar Yaya a Tsohuwar Manhaja

Yaya ya rasu, amma kullum da safe shi yake karanta wa Inna saƙonninta. Kada ku ce na zare, ku tsaya ku ji.

Lokacin da idon Inna ya tafi, Yaya yana cikin masu aikin sa-kai a wata babbar manhajar kwamfuta, irin wadda ake bayarwa kyauta, kowa ya buɗe cikinta ya gyara. Sai ya shige ɗakin ajiya, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya yi wata da watanni yana naɗar muryarsa. Ni kuwa ba abin da nake yi sai tsiya, ina cewa mutum ya buɗe gidan rediyo tsakanin buhuna. Da ya gama, duk abin da ya fito a allo kwamfutar Inna tana karanta shi da muryarsa, har da 'yar shaƙewar nan tasa kamar mai mura.

Bayan rasuwarsa na so in kashe abin. Inna ta ce in na taɓa, ni da ita ne. Ina wanke-wanke a kicin sai in jiyo shi a falo yana karanta gaisuwar jikoki, yana kiran sunayen yaran da aka haifa bayan an binne shi. Wallahi ban taɓa sabawa ba, kullum sai tsigar jikina ta tashi.

Wata safiya Inna ta kunna, sai muryar ta ce, "Lokacin kula da wannan fitowar ya kusa ƙarewa. Bayan nan babu sauran gyara."

"Me yayanki yake cewa?"

"Na'ura ce fa, Inna."

"Na san na'ura ce, ai ban haukace ba. Me yake cewa?"

Da na tashi daga aiki na kai kwamfutar wajen Dogo mai gyara, a ɗan shagonsa da ke cike da gawarwakin kwamfutoci. Ya ce kowace fitowa ta manhajar, wato kowane samfurinta, tana da shekarun da ake kula da ita. Tamu mai dogon zango ce, har ƙarin wa'adi an yi mata, yanzu masu aikin sun koma kan sababbi. Duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshewa, masu kutse sai su shiga yadda suka ga dama.

"To a sa sabuwar mana, malam! Sai wani jan rai kake yi."

Ya kwafi muryar zuwa tasa kwamfutar mai sabuwar fitowa, ya danna. Yaya ne, amma kamar yana magana a ƙarƙashin ruwa. Ya kama kalma, ta tsinke, ya sake kamawa, ta tsinke. Ban san lokacin da na daka wa Dogo tsawa ya kashe ba.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji shi. "Ɓangaren da ke riƙe muryar, yayanki kaɗai ke kula da shi. Zan tambayi abokan aikinsa."

Ya tambaya. Suka aiko da ta'aziyya mai daɗi, suka ce ba wanda ya san yadda ya ƙulla abin. Dabara ɗaya ta rage, a raba kwamfutar da intanet. Muryar za ta zauna lafiya, amma ba abin da zai ƙara shigowa.

Na yi wa Inna bayani, ta ce to. Ranar da wa'adin ya cika na zare wayar intanet ɗin.

Daga nan ni nake karanta mata saƙonni a wayar hannuna. Tana saurare, tana sa mini albarka. Amma kowace safiya sai ta lalubi maɓallin ta kunna, shi kuma ya ce, "Babu sabon saƙo." Gobe ma haka, jibi ma haka. Gidan ya yi mini nauyi, har na fara jin tsoron wucewa ta falo.

Ran nan ina shirin fita ta kira ni.

"Ke, ɗauko mai gyaran nan ya sa sabuwar."

"Inna, muryar za ta tafi fa. Ba ta dawowa."

"Yaron nan bai taɓa iya zama shiru ba. Kullum da labari a bakinsa yake shigowa. Yanzu mun kulle shi a ɗaki ba mai zuwa wajensa, yana ta ba ni haƙuri. Ba zan iya ba."

Dogo ya zo da rana, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya mayar da wayar, ya yi 'yan danne-dannensa. Sai tambaya ta fito a allo, Yaya ya karanta ta kamar yadda ya saba.

"An tabbata ana so a ci gaba?"

Dogo ya janye hannunsa ya dube ni. Ni kuka ya riga ya ci ƙarfina. Inna ta miƙa hannu tana lalube, na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallin.

"An tabbata, ɗan nan," ta ce. "Ka yi ƙoƙari. Jeka ka huta."

Ta danna da kanta.