Gaisuwa Ta Cinye Layin Kaduna

Zamanin soja, lokacin da arzikin mai ya cika gari da sababbin ofisoshi, ni Siddiƙu nake zaune gaban allon tarho na wani kamfanin gine-gine a Sakkwato. Wayoyin ofis rututu, layin Kaduna kuwa ɗaya tal. Duk mai son magana da waje sai ta hannuna, in zare wannan igiya in cusa waccan. Har tafiyata ta canza saboda jin kai.

Matsalar ita ce mutanen Kaduna sauri gare su, 'yan mintuna suke ba ka su katse, mu kuwa sai mun tambayi gajiya da iyali da ruwa. Sai na ɓullo da dabara. In ɗan kwangila ya ɗaga waya, ni nake shanye gaisuwarsa tukuna, sai ya iso kan maganar siminti sannan in haɗa shi. Na ɗauki kaina gwani.

Ana nan matata Sadiyatu ta tafi haihuwar fari gidan iyayenta a Kaduna, cikin kuwa ya zo mata da wahala. Shiru babu labari, abinci ya gagare ni. Na roƙi Rifkatu, mai riƙe da allon can, wadda muryarta kawai na sani, ta samo mini surukina Malam Tukur a wurin aikinsa.

"Siddiƙu? Kun tashi lahiya?" in ji shi.

Na zame daga kujera na durƙusa, a gaban allo fa.

"Lahiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina mutanen unguwarku, Runjin Sambo?"

Muka bi su gida-gida. Tambayar tana maƙogwarona, amma da wane baki zan tambayi suruki ko 'yarsa ta sauka? Shi ma kunya ta hana shi farawa. Muna kan batun damina layin ya ɗauke ɗif.

Na zauna a ƙasa ina zagin kaina. Can sai fitilar layin Kaduna ta sake kamawa a allo.

"Kai da surukinka kun ishe ni," in ji Rifkatu. "Na tare shi na tambaya. Mace aka samu, tun shekaranjiya. Uwar ta sha wuya, amma ta tashi, har ta sha kunu."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Manaja yana ta danna waya yana neman Kaduna. Na bar shi yana jira, na roƙe ta ta sake faɗa mini.