Haƙorin da Na Ara wa 'Yan Wasa

Waisake bai yi sallama ba. Ya tsaya a ƙofar ajin da adda a hannu, ƙafafunsa duk taɓon gonar gwaza, yana bin ɗalibaina da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ne malamin wasan yaran nan?"

"Ni ne. In rajista ka zo yi, ka makara da shekara talatin."

"An ce 'yata na kwaikwayon uwarta, wani ɗan iska kuma yana kwaikwayona."

"Babu sunanka a wasan. In ka hango kanka a ciki, ba ni na sa ka ba."

Ya tofar da yawu a kan siminti. "Tun da matarka ta mutu ka rasa mai riƙe maka baki, Malam Ilaitia."

A nan kam bai yi ƙarya ba. Ya juya ya tafi. 'Yarsa Unaisi, da ke tsaye a tsakiyar ajin da takardar wasan a hannu, ta ce, "Mu ci gaba daga inda muka tsaya."

Shekara ashirin da shida ina koyar da wasan kwaikwayo a wannan sakandare ta bayan garin Savusavu, a ɗakin da a da ake ajiye fartanya. Iyaye na ganin darasina ɓata lokaci ne, malamai na ganina a matsayin wanda ake biya don ya yi wa yara raino. A duk shekarun nan ɗaliba ɗaya ce ta rubuta abin da ya sa na cire tabarau na sake gogewa, ita ce Unaisi.

Labarin gidansu ta rubuta don jarrabawar fita. Wata biyu kafin nan Waisake ya zubar wa uwarta, Torika, haƙora biyu na gaba. Torika ta koma gidan yayanta, ta kai ƙara, aka sa ranar shiga kotu. Sau biyu dangin Waisake suna ɗaukar tabua, haƙorin nan na ƙaton kifin teku da ake neman gafara da shi, suna zuwa gidan. Sau biyu yayan yana hango su daga nesa ya kulle ƙofa ya bi ta baya. Abin da ba a miƙa maka ba, ba a ce ka ƙi shi ba. Amma idan aka miƙa a gaban manya, aka karɓa, an binne maganar ke nan, mace ta naɗe tabarmarta ta koma.

* * *

A wasan, mijin zai durƙusa ya miƙa tabua, matar ta ce, "Mayar da abinka. Nawa biyun za ka fara dawo mini da su." Nan za a ja labule.

Yaran sun sassaƙo tabua daga rogo, sun shafa mata man kwakwa. Na dube ta na ce ko akuya ba za ta yarda ba. Washegari na zo da ta gaske, wadda dangin matata suka miƙa mini ranar jana'izarta.

Unaisi ta ja da baya. "Malam, wannan ba abin wasa ba ne."

"Shi ya sa na kawo. Dubi yadda hannun mijinki na wasa ke rawa tun da ya riƙe ta. Wata guda ina neman wannan rawar."

"Kakata ta ce ba a ɗaga ta a banza."

"Kakarki ce za ta ba ki maki?"

Na karanta littattafan manyan masu wasa na ƙasashen sanyi, duk sun ce abu na gaske ne ke fito da wasa na gaske. Babu ɗayansu da ya taɓa zama a ƙauyenmu. Ni da aka haifa a nan ba ni da wannan uzurin.

Ni ne kuma na rubuta wa Torika takardar gayyata da hannuna. Na ce ta zo ta ga 'yarta ta faɗi abin da aka hana ta faɗa.

* * *

Ranar Juma'a da azahar zauren ya cika har tagogi. A layin gaba dagaci ne da fasto da shugaban makaranta, kusa da su yayan Torika, ita kuma tana bayansa da gyale a baki. Waisake na can ƙarshe, ya sa farar riga da sabon zani irin na mazanmu. Da na gan shi na ji daɗi. Na ce yau zai sha kunya a gaban garin nan duka.

Wasan ya tafi yadda nake so. Mata suka daina fifita. Ɗalibin da ya fito a miji ya durƙusa, ya ɗaga tabua da hannu biyu. Unaisi ta buɗe baki.

Waisake ya taso. Ya ratso mutane a sunkuye yana neman afuwa, yadda mai tarbiyya ke wucewa gaban manya. Ya hau dandalin, ya karɓe tabuar daga hannun ɗalibin, ya sauko ya zube a gaban yayan Torika. Ya fara jawabin neman gafara, tsohon jawabin, ba ya tsallake kalma. Har da hawaye. Shekara ashirin da shida ban taɓa koya wa kowa kuka mai kyan wannan ba.

Na fito daga bayan labule. "Wasa ne. Ranka ya daɗe, wannan kayan wasa ne."

Dagaci bai ko juyo gaba ɗaya ba. "Haƙorin na roba ne, Malam?"

"A'a, amma..."

"Sata ya yi?"

"Nawa ne."

"To ka kawo mana shi, mun gode. Nemi wuri ka zauna."

Yayan Torika ya dubi ƙofa. Mutum ɗari uku ne tsakaninsa da ita. Fasto ya dafa masa kafaɗa. Ya miƙa hannu ya kama igiyar tabuar, maza suka buga tafin nan mai zurfi na rufe magana. Babu wanda ya waiwayi Torika, don ba ita ake miƙa wa ba.

Unaisi na nan tsaye a kan dandali. Da zauren ya fara watsewa ta zo ta wuce ni.

"Unaisi..."

"Na faɗa maka, Malam. Kai ne mai littattafai."

* * *

Ranar Talata Torika ta faɗa wa alƙali santsi ne ya kwashe ta a kan dutsen wanki. Na ba Unaisi maki mafi girma da na taɓa bai wa ɗalibi. Ba ta zo duba sakamakon ba. Shugaban makaranta ya yabe ni a taron malamai, ya ce ashe darasina na da amfani tunda ya gyara aure.

Bayan mako uku na shiga kasuwa ranar Asabar. Ban lura da rumfar ba sai da aka kira ni.

"Malam. Malamin wasa. Zo mana, ai kai namu ne yanzu."

Waisake ne, a kishingiɗe kan buhu yana shan ruwan kwakwa. Torika na zaune a ƙasa gaban tulin gwaza. Hannunta na dama naɗe yake da tsumma har gwiwar hannu, ta rungume shi a ƙirji.

"Ke, zaɓar masa manya. Kada ki karɓi ko sisinsa."

Masu rumfunan kusa duk sun zuba mana ido suna murmushi. Na tsaya.

Torika ba ta ɗago ba. Ta jawo gwaza huɗu da hannun hagu, ta zagaya musu igiya, ta taka bakin igiyar da ƙafa ta ja. Ƙullin ya kwance. Ta sake zagayawa.