Alkawarin Bayan Tasi

"To likita, ki gaya min gaskiya, yaushe zan mutu?"

"Ba yau ba dai," in ji likitar, tana ɓamɓare wayoyin da ta manna masa a ƙirji. "Zuciyarka ƙalau take, gwajin jini ma haka ya nuna. Murar da ka yi ce ta gangara ta kumbura tantanin da ya lulluɓe huhunka. Shi ya sa in ka ja numfashi kake jin kamar an soka maka wuƙa. Ka kyauta da ka zo, da ido ba a bambance shi da ciwon zuciya. Magani da hutu, za ka miƙe."

Na dubi Tela, masoyina. Shekara da shekaru yana zuwa ƙofar gidanmu, har bencinmu ya lotsa a gefen da yake zama. In na taɓo maganar aure, sai ya ce bari ya ƙara keken ɗinki. Ya ƙara keken, ya ce shagon ya yi kaɗan.

Amma ɗazu a bayan tasi, da ya dafe ƙirji yana gumi, gefen mayafina ya kama. "In Allah ya tashe ni, gobe kawuna zai je wurin Baba," ya ce, hawaye shaɓe-shaɓe. Har direba ya ce amin. Na yi kukan da duk littattafan soyayyar da na karanta ba su taɓa sa ni ba. Zuciyata ta narke, na yafe masa komai.

Yanzu ga shi zaune daram, yana ɓalla maɓallan riga, yana tambaya ko an rufe masa shago.

"Ƙarfe nawa Kawu zai zo goben?" na ce.

"Wane kawu?"

"Naka. Na bayan tasi."

Ya yi wani ɗan tari na neman tausayi. "Haba ranki ya daɗe, ba ki ji likita ba? Hutu ta ce. Hidimar aure ai sai mai cikakken huhu."

"Ni ban ce haka ba," in ji likitar, ko kai ba ta ɗago ba.

Tela ya juyo gare ni. "Kin ga ai ɗazu ba a hayyacina nake ba."

Na ɗora masa ledar magungunansa a cinya, na gyara mayafina.

"Sha ka warke, Tela. Mutumin da sai ya hango kabari yake sona, ba zan zauna ina yi masa addu'ar mura ba. Yau zan gaya wa Baba na fasa."