Ƙwan Inji Na Uku

Allon kwamfuta ya ce zafin injin ƙyanƙyasa na uku daidai yake. Kawu kuwa ya ɗora ƙwai a fatar idonsa, yadda ya saba tun kafin a haifi Injiniya, ya ce ƙwan nan da sanyi.

Injiniya 'yar ƙanwarsa ce, ita ta rubuta manhajar da ke kula da injinansa. A cikinta ta dasa wani ɗan ƙaramin harshe na ba da umarni, don Kawu ya riƙa rubuta wa kowane inji dokokinsa ba sai ya kira ta ba. Kowane inji da ɗakinsa a cikin manhajar, ba ƙofa ba taga. Har cika baki ta yi ranar da ta kafa masa ita: "Kawu, ko wuta ka cinna a ɗaki ɗaya, maƙwabcinsa ba zai ji ƙauri ba."

Yanzu ga ƙwai ɗari shida, saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe, ita kuma kanta ya ɗaure tamau. Ta karanta umarnin inji na uku har sau uku, ba kuskure. Ta canja ma'aunin zafi, lamba ba ta motsa ba. Ta kashe ta kunna. Da dabara ta ƙare, sai ta koma zargin idon tsoho.

"Kawu, ko dai zazzaɓi kake yi?"

"Zazzaɓin gidanku. Kawo naki idon."

Ta ɗora. Ita dai ƙwai ta ji.

"Ka taɓa wani abu kwanan nan?"

"A na uku? Ko kusa. Na ɗaya na gyara. Ma'auninsa yana rage lamba, sai na ce duk abin da ya karanta a ƙara biyu. Ba ke kika ce ɗakunan ba sa jin juna ba?"

Ta buɗe ɗaki na ɗaya. Ɗakuna kam ta raba su, amma kayan aikin da ta ba su, har da umarnin karanta ma'auni, akwati ɗaya ne, ba ta yi wa kowa nasa ba. Kawu ya gyara a wuri guda, gyaran ya bi kowa. Inji na uku ya ɗauka zafi ya yi yawa, sai ya rage wuta.

"Yaushe ka yi?"

"Yau kwana tara."

Gyaran da ta yi wa manhajar bai ci minti biyar ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara har ƙarshe.

"To ɗakunan a rufe suke ko a buɗe?"

"A rufe."

"To," in ji shi, bai gane ba.

Ya ja labule, ya kunna tocila, ya miƙa mata tiren ƙwai. Ya haska na farko: ga inuwar ɗan tsako a kwance, ba motsi. Ya ajiye gefe. Na biyu ma haka. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta nutse.

"Kawu, laifina ne."

"Riƙe tiren da kyau. Ba ni na gaba."