Tambayar Farashin Gero

Malam Suhaibu dai fannin Tarihi ya karanta. Amma da malamin Tattalin Arziki ya bar makarantarsu ta 'yan mata da ke bayan garin Daura, sai shugaba ya miƙa masa tsohon littafin da mutumin ya bari, ya ce, "Riƙe mana kafin a turo wani." Yau shekara shida, ba a turo kowa ba. Kullum sai ya juye shafi guda a allo, yara su kwafe, a tashi.

Ran nan ya rubuta cewa idan kaya suka yi yawa a kasuwa, farashi kan faɗi. Wata ɗaliba, Madina, ta ɗaga hannu.

"Malam, to ga shi kaka ta yi, gero ya cika kasuwa, amma kullum tashi yake. Me ya kawo haka?"

Ya duba littafin, babu amsa. Ya ɗago ya harare ta.

"Wato kin fi littafi sani? Fita ki durƙusa a rana."

Washegari aka ce ana sallama da shi a ƙofar makaranta. Malam Kalilu ne, mahaifin Madina, tsohon manomi. Suhaibu ya ɗauka faɗa aka zo yi. Sai ga dattijo ya rusuna yana gaishe shi.

"Malam, a yi haƙuri, yarinya ba ta iya magana ba. Ni na aiko ta. 'Yan kasuwar Kongolam ta bakin iyaka sun dame ni in sayar musu da geron rumbuna su haye da shi Nijar. Na ce ba na taɓa ko zangarniya sai na ji ta bakin mai ilimin abin. In sayar ne, ko in dakata?"

Suhaibu ya buɗe baki zai karanto abin da ke littafi, sai ya fasa. Abincin gidan mutum na shekara ake magana. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ban sani ba. Ni Tarihi na karanta."

"Tarihi? To wa ke koya musu na kasuwar?"

"Ni ne."

Dattijon ya gyara hula.

"Ashe a banza rana ta ci 'yata jiya."

Ya juya ya tafi. Aka kaɗa ƙararrawar shiga aji. Suhaibu na nan tsaye a ƙofa, ya rasa da wane ido zai dubi yaran.